Dakalin Shagon Kwanar Layinmu

Bayan ɓarin jikina ya shanye, asibiti suka sallame ni da keken guragu, na koma flat ɗina a unguwar Catford, nan ƙasar Turawa. Kafin ciwon, aikin kula da tsofaffi nake yi. Na tura kekuna ba adadi a titunan nan, amma sai da na zauna a kan nawa na lura da dakalin da ke ƙofar shagon kwanar layinmu.

Mai shagon ɗan Jos ne kamar ni, cocinmu ɗaya. A wurinsa nake sayen garin rogo da manja da busasshen kifi tun shagon bai cika ba. Dakalin ba wani tsayi gare shi ba, keke ne dai ba ya hawa. Sai in tsaya a waje in ƙwala sallama. In da mutane a ciki, in jira, ko ana ruwa. Daga baya ya miƙo min leda ta ƙofa, da kifin da shi ya zaɓa, ba ni ba.

Na roƙe shi ya sa ramp, irin gangarar ƙarfen nan da keke ke bi.

"Mama, ai ginin ba nawa ba ne," in ji shi. "Sai na yi magana da landlord."

Wata rana ya ce council, wato ƙaramar hukuma, ba za su yarda ba. Wata rana kuma ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, ga ni ina kawo miki har ƙofa kamar sarauniya, me ya rage?"

Haka muka yi shekaru.

Sannan ya nemi a kawo masa injin sayar da tikitin cacar lottery. Ban san me masu injin suka ce masa ba. Abin da na ji daga bakinsa shi ne sun tambaye shi ko mai keke zai iya isa wurin injin, shi kuma ba ya son abin da zai hana shi samu. Kafin in ankara ramp ya bayyana, sabo fil, har da ƙararrawa a jikin bango. Landlord bai hana ba, council ma shiru.

Ranar da na fara shiga, na nufi ramp ɗin kai tsaye. Na hau, na wuce ƙofa, na isa gaban injin, can kusa da kantar biyan kuɗi. Nan hanya ta ƙare. Lungun da ke zuwa wurin gari da kifi cike yake da kwalayen lemo da buhunan shinkafa, mutum mai ƙafa ma sai ya karkace. Ko juyawa na kasa yi. Wani Bature ya tsaya a bayana yana jira ya sayi tikitinsa.

"Mama, kin shigo ke nan!" mai shagon ya ce, yana washe baki. "In cire miki tikiti ɗaya? Wa ya sani."

"Ɗana, ni ba na caca. Kifi na zo zaɓa."

"To, jira a waje in kawo miki, kin tare wa customer hanya."

Baturen ne ya ja kekena da baya har titi, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ban jira kifin ba. Tun daga ranar, bas nake hawa zuwa unguwar Deptford in yi cefane.

A wata Lahadi, lokacin ba da shaida, mai shagon ya miƙe a coci ya ce Ubangiji ya taɓa zuciyarsa ya yi wa naƙasassu hanya a shagonsa. Aka yi tafi, kowa ya juyo yana kallona. Da aka tashi, matar fasto ta tura ni gaba ba tare da ta tambaye ni ba, aka tsayar da shi a gefena, ya dafa kafaɗata, ta ɗaga waya za ta ɗauke mu hoto.

"Mama, ɗan yi murmushi mana," ta ce.