Alkamar da ƙanena ya shuka a talabijin

Ni da ƙanena gida ɗaya muka tashi, gida ɗaya kuma muka tsufa, a wani ƙauye da ke bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure. Tun muna yara mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya raba mana aiki. Ni ya zaunar da ni gaban littafi, shi ya miƙa masa fartanya. Shi ya sa yake kira na Yaya Malam, ni kuma nake tsokanarsa da Sarkin Noma. Alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina, haka ya rayu, kuma daga guminsa na ci mafi yawan abin da na ci.

Yana tsaye cikin tumatir yana ban-ruwa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun dama ne ya yi nauyi. Likita ya ce lallai ya riƙa motsa yatsun kullum, in ba haka ba za su dunƙule. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana biyu ya jefa wa awaki.

A lokacin akwai kwamfuta a ɗakina. 'Yata ta biyu, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kano, ita ta haɗa mini, domin gara ta fara cin takardun ajami da mahaifinmu ya bari: wa'azi, addu'o'i, da ayoyin da ya yi wa sharhi a gefen shafi. Ina ɗaukar hoton kowace takarda, in kwafe ta da yatsa ɗaya. Hasken rana muke amfani da shi, batirin kuma ya gaji, don haka daga azahar zuwa la'asar ne kawai na'urar ke aiki da ƙarfinta.

Wata rana 'yata ta zo da dabara. Ta saka wani wasa a kwamfutar, wasan noma, inda mutum ke tuƙa tarakta, ya yi huɗa, ya shuka, ya girbe. Ta shirya ta yadda wasan na gudana a cikin kwamfutar da ke ɗakina, amma hotonsa na fita a talabijin ɗin ɗakin ƙanena, ta wani ƙaramin akwatin wayfai da ta ɗora bisa taga a tsakar gida. Ni ina rubutuna, shi yana nomansa, na'ura ɗaya. Ta damƙa masa abin sarrafawa mai maɓallai, wanda sai da hannu biyu ake riƙe shi.

"Baffa, ga gona," ta ce masa. "Babu taki, babu rigimar layin ruwa."

"Gonar da babu rigimar ruwa ai ba gona ba ce," in ji shi. Amma ya karɓa.

Cikin mako guda sai ga shi ya zama wani mutum. Daga ɗakina ina jin sa yana faɗa da taraktar kamar yadda yake faɗa da 'yan ƙwadago. Yakan ƙwalla mini kira: "Yaya Malam, zo ka ga kunyar da na ja a gona! Ko da igiya ba za ka iya jan irin wannan ba." Babban yatsansa da ya kwanta ya fara ɗagawa. Ya shuka alkama fili guda, yana lissafin ranar girbi.

Ni kuwa wani abu ya tsaya mini a rai. A gidanmu ba a ɗora komai a kan littafi mai aya. In ka tsinci takarda mai rubutu a ƙasa, ɗauka za ka yi ka soke ta a jikin bango. Da wannan aka rene ni. Sai na kira 'yata na tambaye ta, a cikin kwamfutar nan, wasan yana sama da takardun kakanta ne ko yana ƙasa.

Ta yi dariya. "Baba, babu sama babu ƙasa a ciki. Kowa da wurinsa."

Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba. Ga shi kuma duk lokacin da yake noma, fankar kwamfutar takan ɗauki gurnani, in danna harafi sai ya yi jinkiri kafin ya fito. Na ce a raina, ayoyi suna jira tarakta ta wuce.

Da na je na same shi na faɗa masa, da ya yi mini gardama, da mun raba lokacin, da an wuce wurin. Ban yi haka ba. Ina jin nauyin in ce wa mara lafiya ya bar abin da ke faranta masa rai. Abin da na yi ya fi haka muni. In na idar da sallar azahar, sai in bi ta tsakar gida kamar zan ɗebi ruwa a randa, in zare wayar ƙaramin akwatin nan. Talabijin ɗinsa ya tsaya cak. In na gama aikina, batiri ya yi ƙasa, sai in mayar.

"Yaya Malam, naka na yi?" yakan tambaya.

"Nawa na yi. Wataƙila sabis ne."

'Yata ta koma Kano, babu mai dubawa. Da farko yana tambaya kullum. Daga baya sai jefi-jefi. Rannan na leƙa na ga abin sarrafawar a kan taga, an ɗora masa kofin shayi.

Na kammala kwafe takardun mahaifinmu a cikin wata biyu, ina murna. Da 'yata ta dawo hutu ta kama hannun baffanta, sai na ga fuskarta ta sauya. Yatsun sun dunƙule, ko cokali ba ya riƙewa. Ba na cewa wasan ne zai warkar da shi, wannan sanin Allah ne. Amma na san abin da likita ya ce, na kuma san wanda ya zare wayar.

A ranar ne na tsaya na dubi kaina. Wayar da ke aljihuna akwai Alƙur'ani sukutum a ciki, a cikinta kuma nake sauraron farashin tumatir da barkwancin abokai, bai taɓa damuna ba. Gurnanin fanka ne da jinkirin harafi suka dame ni, sai na kira abin girmama aya don kada in ji kunyar kaina.

Bayan la'asar na shiga ɗakinsa na zauna a bakin katifa, na faɗa masa komai.

"Na sani," ya ce. "Takalminka na hagu yana ja da ƙasa. Ina jin sa ya wuce randa."

"Me ya hana ka magana?"

"Takardun Baba ne. Kai kuma yayana ne." Ya ɗan yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. "Na yafe, Yaya Malam. Alkamata dai nake tausayi."

'Yata ta kunna masa wasan, ta sa masa abin sarrafawar a cinya. Ya gwada da hannun hagu shi kaɗai, taraktar ta yi ta zagaye wuri ɗaya. Ya ce a kashe.

Allah ya karɓi abinsa da daminar da ta biyo baya. Bayan an share makoki na roƙi 'yata ta buɗe mini gonarsa ta cikin wasan. Alkamar na nan ta nuna, ba ta zuba ba, tsuntsu bai taɓa ta ba. Na karɓi maɓallan da hannuna biyu masu lafiya, na ce bari in girbe masa. Na kasa ko miƙe taraktar a kan layi. Na ce ta bar gonar yadda take, kada ta goge. Allah ya gafarta masa, ni ma ya gafarta mini.