Ranar da Na Saki Hannun Rakiya a Kasuwar Tsibiri

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, tela a Maraɗi wanda bai taɓa mallakar abin hawa ba. Allah ya ji ƙansa. A bana, da faɗuwar gaba na tuna shi.

Kawu mutumin yawo ne. Ranar da babu lakwal, wato makaranta, sai ya tattara mu, yaran gida da na maƙwabta, ya sa mu gaba. Wata rana bakin Gulbi, mu yi ta birgima cikin rairayi idan ruwa ya janye. Wata rana mu maƙale a amalanken wani har lambunan Jiratawa, masu ban ruwa su cika mana riga da tumatir. Kasuwa kuwa da ido muke cin ta. Kawu zai taya tabarma, ya taya rago, ya yaba, ya wuce, har 'yan kasuwa suka laƙaba masa "Alhaji sai na dawo".

Yana da wata al'ada da iyayenmu mata ba su so. Yaro ya kai shekara bakwai, sai ya kai shi kasuwar Tsibiri, ya nuna masa itacen bedi na bakin tasha, ya ja shi har tsakiyar cunkoso, ya saki hannunsa, ya ɓace. Sauran aiki na yaro ne. Ni ma an yi mini. Na sha kuka, amma na isa gindin bedin da ƙafata, na tarar da shi yana cin gyaɗa. Yakan ce wanda bai taɓa ɓata ba bai san hanya ba.

Yau ɗiyata Rakiya ta wuce waɗannan shekarun, kuma daga gida sai lakwal. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Ana sace mutane a ƙauyukan kan iyaka. Kullum waya na kawo hoton yaron da ake cigiya. Ɗan kabu-kabu ya rage gudu kusa da mu, sai in ƙara damƙe hannunta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Amma nakan tambayi kaina me Kawu zai ce in ya ga jikarsa ba ta iya kai kanta gidan kakarta. Na san dariya zai yi, ya ce na mai da yarinya akuyar ɗaure.

Wannan dariyar ce ta kai ni Tsibiri watan jiya. Na nuna wa Rakiya bakin tasha, na kai ta layin masu kayan miya, na saki hannunta, na laɓe bayan buhunan gero ina leƙenta. Wata amalanke ta gitta tsakaninmu. Da ta wuce, babu Rakiya.

Na ruga tasha, ba ta can. Na dawo ina kiran sunanta kamar mahaukaciya, ina kama rigar kowa, kowa na cewa bai lura ba. Duk hotunan nan na waya suka dawo mini da fuskar ɗiyata a kai.

A ƙarshen layi na gan ta zaune kan tabarmar wata tsohuwa mai daddawa, tana share hawaye. Tsohuwar ta dube ni da kyau, ta tambaye ni ko ni ta gidan Sale tela ce, don ta ga kama. Da na ce i, ta ce tun da ta ga an saki yarinya ta gane aikin gidanmu ne, shi ya sa ta riƙe ta.

"Amma ke wa kinka hwaɗa ma? Shi tun jajibirin kasuwa yake zuwa, shi bi mu rumhwa-rumhwa, shi ce gobe zai saki wance, mai jan kallabi. Daga nan har tasha idonmu na bisa kanku."

Shekara da shekaru ina yabon ƙarfin zuciyar Kawu, ashe shi ma matsoraci ne irina. Bambancinmu, shi tsoronsa ya kai shi gaida mutane, ni nawa ya sa na kulle ƙofa. Ɗa na kowa ne, amma sai kowa ya san ɗan. Wannan ne gadon da ya bari, ni kuwa rabinsa na ɗauka, na kusa asarar ɗiyata.

Kafin mu tashi na roƙi tsohuwar ta nuna mini sauran waɗanda Kawu ke gaya wa, in je in gaishe su. Ta dubi layin daga wannan kai zuwa wancan, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ita kaɗai ta rage.