Mastar Birkin Motar Yaya

A shekarun da kayan gyaran mota suka yi wuya, ina tuƙa wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, ina kai amfanin gona daga ƙauyukanmu na wajen Tsanyawa zuwa Kano. Sabon kaya ba ya samuwa a lokacin. In wani abu ya lalace, sai ka nemi motar da ta mutu ka ciro a jikinta.

Wata safiya da rani, masu lambu sun gama tsinkar tumatir, an jera kwanduna a bakin hanya ana jirana. Ina tayar da mota na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Na leƙa, na ga mai yana tsiyaya daga masta, wato ƙarfen da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota. Robobin ciki sun cinye, jikinta ma ya zaizaye. Tumatirin nan kuwa na mutane ne, wahalarsu ta rani gaba ɗaya, kuma in ya yini biyu a rana sai dai a zubar.

Masta ɗaya na sani a kusa, tana jikin motar yayana, wadda ta daɗe a kafe a ƙofar gidansa har kaji suna ƙwai a gidan direba. Lokacin da injinta ya buga a hanya, ya aiko in jawo masa ita, na ƙi, har na ce a gaban mutane a tasha gara ya sayar wa 'yan gwangwan. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye.

Na same shi yana gyaran danga. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ta 'yan gwangwan ce fa, Direba," ya ce. "Za ta yi maka?"

Na sunkuyar da kai. Ya shiga gida ya fito da sifanu a cikin tsumma. Muka kwance mastar daga motarsa muka kai wajen tawa.

Motocinmu ba iri ɗaya ba ne. Ramukan noti sun dace, amma bakin bututun nawa bai shiga mastarsa ba, sai da muka kwanto nasa bututun muka haɗa. Ni da na ga ta zauna, na so a zuba mai a tafi. Ya hana. Ya tura fedar birki da hannu ya nuna mini ba ta da wasa ko kaɗan, sandar da ke tura masta ta yi tsawo. Ya ce in na tafi a haka birki zai riƙa kamawa da kansa, kafin in yi nisa ƙafafun sun ɗau zafi. Ya zauna a kan dutse yana goge sandar da zarto, yana gwadawa, yana sake gogewa, ni kuwa ina ta kallon rana da kwandunan nan.

Saura fitar da iska daga bututun birki, aikin da mutum ɗaya ba ya iya yi. Na hau kujera, shi ya kwanta a ƙarƙashin mota da farar rigarsa.

"Buga. Riƙe. Ka riƙe, na ce, ko ƙafar taka ma ta lalace?"

"Na riƙe, Yaya."

Haka muka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, har feda ta tsaya da ƙarfi. Ya fito da mai a gemu, ya gargaɗe ni cewa cikin mastarsa ya fi na tawa faɗi, don haka birkin zai yi tauri, sai na taka tun daga nesa. Sannan ya ce bai yarda da ƙafata ba, zai bi ni.

Aka yi lodi bayan azahar. Duk gangaren da muka tunkara sai in ji ya ce, "Fara takawa." Birki ya yi tauri kamar yadda ya faɗa, amma ya riƙe. Mun shiga Kano da sauran rana. Kwandunan ƙasa sun ɗan yi ruwa, sauran duk suka shiga kasuwa lafiya, ba mai lambun da ya yi asarar shekararsa. Allah ya ji ƙan Yaya, ya saka masa da alheri.