Gwaggo Batulu da Hankufar Bakin Burtali

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, ina bakin dako a tashar jiragen ruwan Abijan, Labo ya kira ni daga Gangara. Ya ce mahaifiyarsa, ƙanwar babana, Gwaggo Batulu, ta cika da hantsi. Ban gama salati ba ya ƙara da cewa bana zai share ɗan dajin bakin burtali ya haɗa da gonarsa. Ko ƙasar kabarinki ba ta bushe ba, Gwaggo.

Shekara arba'in kina shiga dajin nan ɗibar hankufa, ɗan tsiron da kike dafa saiwarsa ki yi wa jarirai dauri. Ba ki taɓa tuge shi ba. Gefe guda kike tonawa, ki yanki saiwa ɗaya, ki mai da ƙasa ki danne da dunduniya. Kika hana saran kalgo da sabarar wurin, kika ce ganyensu ke riƙe wa ƙasar danshi.

Da 'yata Naja'atu tana haƙori, zawo ya tsotse ta, ke kika ɗura mata daurin nan da hannunki. Kika kuma ce in idonta ya faɗa, in ruga da ita likita kar in tsaya jiranki. Yau tana lakol, tana karatun boko.

Da me muka saka miki? Shekarar da wani ɗan kasuwa ya zo sayen saiwa buhu-buhu, da fartanya muka shiga dajin. Har da ni. Kika tare mu a burtali, kika dube ni kika ce, "Inusa, kai ma?" Ba ki ƙara ba. Gari ya sa miki suna tsohuwa mai faɗa kan ciyawa, alhali masu faɗin haka su ne ke sallama ƙofarki da jariri a kafaɗa. Abin da ya tsira daga fartanyarmu bai fi faɗin masussuka ba.

Labo, na san gonar ta yi kaɗan, bakuna sun yi yawa. Abin da ya koro ni nan ke nan. Amma damin gero nawa wurin zai ba ka?

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta, Ya yafe mini abin da na tuge. Ya ba Labo, matarsa Suwaiba da dukan dangi haƙuri.

Labo, matarka na da ciki. Ajiye gatarin nan.