Mai Majigin da Ba Ya Wuce Ashirin

Jama'a, a buɗe hanya! Ga Bambo Kachingwe nan, sarkin majigin ƙasar Dedza, gwanin lissafin da bai taɓa wuce ashirin ba, mai wando biyu da hula ɗaya!

Malamin gona ne. Shekara goma sha bakwai yana zaga ƙauyuka a motar ofis, da majigi, da akwatin 'yan ƙananan hotuna masu bakin kwali waɗanda in an sa su gaban fitila sai su cika bango. Da rana tsaka yake nunawa a ajin makaranta, an toshe tagogi da buhunan taki. Masara, tsutsa, taki, masara kuma.

A cikin majigin akwai wani gilashi mai kauri tsakanin ƙwan fitila da hoto, shi ke tare zafi. Gargadar hanya ta fasa shi. Bambo ya rubuta wa ofis, ofis ya ce ana dubawa. Ranar farko da ya yi aiki ba gilashin, ya bar hoton wani bijimi a bango yana ta zuba bayani. Bijimin ya kumbura, ya yi baƙi daga tsakiya, ya narke ana kallo. Rabin ajin ta taga suka fita, da buhu da komai.

Daga ranar ya kafa doka: kowane hoto ƙidaya ashirin, ya fita, ko bayani ya ƙare ko bai ƙare ba. Shi ya sa har yau akwai manoman da sun san sunan tsutsa, maganinta ne dai ba a kai ga faɗa musu ba.

Wata Talata ya sa hoton wani saurayi tsaye cikin masara da fartanya a kafaɗa. Sai wata tsohuwa, Iya Nankhoma, ta miƙe zumbur.

"Tsaya! Lekeleni ne! Ɗana ne!"

Lekeleni ya tafi aikin haƙar zinariya a wata ƙasa can Kudu, bai dawo ba, ko hotonsa ɗaya ba ta da shi. Bambo na kan sha bakwai a lokacin. Ya kai ashirin, ƙyat, tsutsa ta maye gurbin Lekeleni.

"Kai ɗan nan, mayar min da ɗana!"

"Iya, sai ya huce."

"Ya huce? Kunu ne shi?"

Mai gari ya sa baki: "Haba Malam, bar mata shi mana. Ai ba cinye shi za ta yi ba."

"Ranka ya daɗe, ita ba za ta ci ba, fitilar ce za ta ci. Kuma hoton shi ke nan guda ɗaya."

Ya ɗauki hoton Lekeleni, ya riƙe shi a iskar fankar majigin, mutane na kallon tsutsa, Iya na zaginsa har kakanni. Da ya huce ya mayar. Ashirin, ya zare. Sau tara aka yi haka, ranar ba wanda ya koyi komai a kan taki. A zagaye na huɗu Iya ta daina zagi, ta shiga taya shi ƙidaya.

Shekara shida, duk zuwansa ƙauyen sai Lekeleni ya hau bango sau tara, har Iya ta rasu. Hoton ko dushewa bai yi ba.

Bayan ya yi ritaya na same shi a ƙofar gida yana cin tuwon masara da wake. Na ce masa ai shi gwarzo ne, jarida ya kamata a sa shi, da hular da komai. Bai ko ɗago ba.

"Da sun turo gilashin da ba ka ji sunana ba. Miƙo gishirin nan."