Ran da Kaset Ya Tsinke a Nyohini

Kaset ya tsinke saura kaɗan fim ya ƙare, ni na ƙarasa shi da baki. Ku da kuka tarar da waya ba ku san wannan aiki ba.

A gidan bidiyon Alhaji Fuseni ne, a unguwar Nyohini. Ɗakin kwano, benci, talabijin ɗaya, dek ɗaya na sa kaset. Aikina in tsaya gefe in faɗa wa mutane abin da ake ciki, da Hausa da Dagbanci. Ban yi makaranta ba, ba na jin Turanci. Shi ya sa na fi son finafinan kaboyin Italiya. Ba su da surutu. Mutum ya zo a kan doki, fuska duk datti, ya kalli wani, ya yi shiru. Akta ɓarawo, bos ɓarawo, sai dai wani ya fi wani kunya.

Juma'a ce bayan masallaci, ɗaki cike. Sabon kaset ne, ni ma ban taɓa gani ba. Akta da bos sun tsaya a fili, rana tsaka, hannu kusa da bindiga. Sai dek ya tauna kaset.

Benci ya fara ƙara. An taɓa fasa talabijin a wani gidan bidiyo a Kasalgu kan irin wannan. Alhaji ya riƙo rigata.

"Yakubu, in suka taɓa akwatin nan, ni da kai mun tashi aiki."

Na ce wa mutane, "Ku zauna. Na san ƙarshe."

Wani mahauci ya ce, "Ƙarya kake, baƙin kaboyi."

"To fita."

Bai fita ba.

Na rufe ido. Na ga fili irin na hanyar garinmu da rani, ƙasa tana rawa don zafi. Na ce iska ta tsaya. Na ce kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Daga nan ban san inda zan bi ba.

Akwai Jauro, tsohon Bafulatani mai shanu a bayan gari, ba ya fashin Juma'a. Ya ce, "Dokin fa? Tun safe yake gudu, ba wanda ya ba shi ruwa."

Sai na bi ta nan. Na ce akta ya juya wa bos baya, ya ja dokinsa zuwa rijiya. Bos ya ɗaga bindiga, ya dubi nasa dokin, harshe a waje. Ya sauke bindigar, ya bi shi rijiya. Ɗaya yana jan guga, ɗaya yana riƙe da linzami. Dawakai suka sha, suka sha. Kowa ya hau ya kama gabansa.

Da na buɗe ido, ba wanda ya motsa. Can suka fita a hankali kamar masu tashi daga barci.

Alhaji ya liƙe kaset da salatif. Da Juma'a ta zagayo aka sake sawa, ashe akta harbe bos ya yi, har da dokinsa. Jauro ya ɗauki sandarsa ya fita.

Mahaucin ya ce, "Alhaji, jabu aka sayar maka. Ba haka ya ƙare ba."

Alhaji ya dube ni. "Daga yau, in an zo wurin nan, kashe dek."

Haka muka yi har aka daina zuwa gidan bidiyo. Abin da na koya a aikin ke nan: mutanenmu suna yafe wa ɓarawo, ba sa yafe wa wanda ya bar dabba da ƙishi.

Yanzu ina gadi a wani sabon gida a unguwar Vittin. Da safe babura su wuce cikin gari. Ni ina zaune a bakin ƙofa, ina rufe ido, in ga dawakai a bakin rijiya.