Baffa Lawan da Noti Huɗu

Duk wanda ya san Baffa Lawan ya san ba ya karanta takardar bayani. Ko rediyo ya saya, takardar zai fara jefarwa, ya ce, "Wannan ta ragwaye ce." Ku dariya abin yake ba ku. Ni kuwa halin nan ne ya ci mini wuƙar layyar mahaifina, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ne, saura kwana uku Babbar Sallah, ɗansa ya aiko masa da injin wasa wuƙa mai bel daga Turai. A warwatse ya zo cikin kwali, firam daban, tayoyi daban, noti cike da leda. Nan take Baffa ya sallami mai wasa wuƙan da ke zuwa mana daga Gawuna duk shekara. Ya shiga gareji da babbar riga da sifana, ya kira ni da Haladu direba da Malam Idi mai gadi.

Na ce, "Baffa, a duba takardar mana."

Ya ce, "Dimokuraɗiyya ake yanzu. Mai son takarda ya ɗaga hannu."

Mu uku muka ɗaga. Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "An yi maguɗi. Na soke zaɓen." Ya miƙa wa Malam Idi takardar, wai ya hura gawayin shayi.

Bayan la'asar inji ya tsaya da ƙafarsa, amma noti huɗu sun yi saura. Haladu ya ce, "Alhaji, anya ba su da gurbi?"

"Ƙari kamfani ya zuba bisa kuskure. Shari'a ake, ba na cin haƙƙin kowa." Ya ƙulle su a leda, wai zai mayar wa Turawa kayansu. Jama'a!

Sai ya ce in kawo wuƙar Abba, wadda nake yanka da ita tun rasuwarsa. Na roƙe shi a gwada da ta kicin. Ya ce ina, wuƙar yayansa ce za ta buɗe injinsa. Ana kunnawa firam ya hau rawa, bel ya karkace, tartsatsi ya shige hannun babbar riga. Malam Idi na salati, Baffa na cewa, "Gaisuwa yake yi!" Kafin Haladu ya zare soket rabin wuƙar ya tafi. Baffa ya ɗaga ta ya ce, "Dama ta cika nauyi."

Da wuƙar aro na yi layya. Tsawon wata guda gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baffa, kuma bai taɓa ba ni haƙuri ba.

Bayan rasuwar Baffa bara, Hajiya matarsa ta miƙo mini wani ƙunshi daga akwatinsa. Wuƙar Abba ce, an mayar da ita 'yar ƙaramar wuƙar fiɗa, kaifi kamar reza. A nan Malam Idi ya tona asiri: washegarin Sallah Baffa ya lallaɓo ɗakinsa yana raɗa, "Idi, ka ƙona takardar nan kuwa?" Ashe bai ƙona ba. Na shiga gareji na duba injin, ga noti huɗun nan a ɗaure, kowanne a gurbinsa.

Baffa, mu fa muka ci zaɓen nan. Amma da wuƙar na feɗe ragon bana, ina yi ina share hawaye. Na yafe maka. Allah ya jiƙanka, ya haɗa ka da yayanka a Aljanna.